Amama Mai Koko da Tarin Gidansu

Duk wanda ya taɓa shan koko a bakin babban kwalbatin unguwar Maamobi ya san Amama. Jikar wani tsohon ɗan sanda ce. Tana da shekara goma sha tara babansu ya rasu da tari, ya bar mata ƙanwarta Muniratu da tukunya ɗaya. Da wannan tukunyar ta riƙe gida. Ita ke zuba wa mutane koko, Muniratu kuma na tsugune a gindin murhu tana hura itace, tana suyar ƙosai. Shekara ashirin da shida ke nan.

Muniratu ta daɗe tana tari. In ya sarƙe ta, Amama kan zuba ganye da turare a kan garwashi, ta lulluɓe ta da bargo, ta danne bakin bargon da gwiwa.

"Yaya, numfashina!"

"Shaƙi dai, raguwa. Haka aka yi wa Baba."

Bara numfashin Muniratu ya ƙi, aka kwantar da ita a asibiti. Likita ya ce akwai gidajen da ake haihuwarsu da huhu marar ƙarfi, hayaƙin da wani zai sha ya wuce, su cinye su yake yi. Ya tambayi Amama ko an taɓa irin wannan tari a dangi.

Amama ta san amsar. Baba. Goggo Zuwera ta Alajo. Kakansu ma, an ce tari ya raba shi da kaki. Amma saura wata biyu bikin Azara, 'yar Muniratu, da saurayinta Mutawakilu, kuma magana in ta shiga unguwar Nima ba ta fita. Wa zai so a ce gidan amarya masu ciwon gado ne?

"Babu kowa, dokta," ta ce.

Kwana uku ƙaryar da ta yi wa likita na cin ta. Takan kalli gwiwarta, ta tuna bargon.

Rana ta huɗu da safe tana tsaka da zuba koko ta ji tari a bayanta. Azara ce a gindin murhu, a gurbin uwarta, tana goge ido da gefen mayafi.

"Tashi daga nan."

"Mma, ƙosan fa zai ƙone."

"Ya ƙone! Ƙosai aka haifa ko ke?"

Masu jiran koko suka kwashe da dariya. Amama ba ta yi ba. Ta watsa wa wutar ruwa, ta ja hannun Azara zuwa tashar tiroto, inda ake hawan motar haya zuwa asibiti. A hanya Azara ta ce, "Mma, in dangin Mutawakilu suka ji fa?"

"Ni zan gaya musu da bakina," in ji Amama. "Amma sai an fara duba ƙirjinki."