Motar da Aka Ba Malam Nu'uman

Malam Nu'uman na Sandamu ba limamin Juma'a ba ne, ba shi kuma da sarauta. Malamin zaure ne, mai koya wa magidanta fiƙihu bayan la'asar, da damina kuma ya ɗauki fartanya ya nufi gonar geronsa kamar kowa. Mahaifinsa falken dabbobi ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma ɗan ya zaɓi littafi. Bai tara komai ba sai gida, da gona, da bijimai biyu na huɗa, da wani tsohon babur da ya kai shi sunaye da jana'izu har gwiwoyinsa suka fara ƙorafi. Abin da yake da shi wanda ya fi waɗannan duka shi ne bakinsa. Tun yana saurayi aka san shi da cewa bai sani ba idan bai sani ba. Saboda haka ranar da ya ce abu yana da kyau, mutanen Sandamu ba sa ƙara tambayar kowa.

Cikin waɗanda suka taɓa zama a zaurensa akwai Suhaibu, ɗan wani tela. Bai yi nisa a karatu ba, amma yana da kaifin ido ga abin da mutane ke so. Ya fara da safarar kaya tsakanin Daura da Nijar, ya koma dillancin babura, daga bisani ya buɗe filin sayar da motocin hannu a bakin titi cikin Daura, aka fara ce masa Alhaji.

A shekarar da aka janye tallafin mai, fetur ya gagari talaka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Alhaji Suhaibu a ƙofar Malam da wata ƙaramar mota fara. Ba wanda ya ji isowarta, sai ganinta aka yi tana lallaɓowa kamar kyanwa. Ya fito ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a, ya miƙa makulli da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, gwiwar da ta durƙusa ta koya mana alwala ba ta cancanci babur ba. Wannan haibirid ce, rabi batir rabi fetur. Mai kaɗan take sha, kamar mai azumi."

Aka yi dariya, aka yi kabbara. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ya shaidi Suhaibu da amana, ya roƙi Allah ya sa wa kasuwarsa albarka. Wayoyi da yawa na sama suna ɗauka. Malam bai lura da cewa ɗaya daga cikinsu a hannun ma'aikacin Suhaibu take ba, kuma ta fi sauran matsowa kusa.

Ba wanda ya ce a kai motar wurin bakanike a duba. Yaya za a yi? Kyauta ce. Mutum ba ya juya kyauta yana leƙa ƙarƙashinta, balle kyautar ɗalibi ga malaminsa a bainar jama'a. Wanda ya yi haka ya ci mutuncin mai bayarwa, ya kuma nuna kansa maras tarbiyya.

Motar ba ta da wahalar tuƙi, ba a canja mata giya, nan da nan Malam ya iya. Gaskiya kuma da farko ta yi abin da aka faɗa. Sai ya je Daura ya dawo, ya je Zango ya dawo, allurar mai ba ta ko motsa ba. Matarsa Kubura ce kawai ba ta sake da ita ba.

"Malam, ni fa ban yarda da abin da ke shigowa gida ba sallama ba. Babur ɗinka tun daga bakin kasuwa nake jin sa, in ɗora ruwan shayi. Wannan kuwa sai dai in gan ka tsaye a kaina kamar mai karɓar haraji."

"Hassada ce, don ba ki iya tuƙawa ba."

"Ni da ko jaki ban yarda da shi ba?"

Abin da Malam bai gaya wa Kubura ba, bai ma cika gaya wa kansa ba, shi ne yana jin daɗi. Ba sanyin cikin motar kaɗai ba. A wurin ɗaurin aure yanzu akan buɗe masa ƙofa, a matsar da babura a ba shi inuwa. Malaman da suka girme shi a shekaru suka gaza shi a karatu sun daɗe suna zuwa da motoci, shi yana isowa da ƙura a gemu. Ya sha yi wa ɗalibansa wa'azi a kan son a sani. Yanzu ga shi ya ɗanɗana, kuma akwai zaƙi.

Da bazara ta kama, motar ta fara fito da halinta. Wata fanka a ƙarƙashin kujerar baya ta soma kuka ba tsayawa. Injin da a da yake yin shiru idan an tsaya, yanzu sai ya yi ta gurnani, man da ake cewa ba ta sha ta fara sha kamar raƙumi. A ɗan tudu sai ta rasa ƙarfi. Amma a allon gaban direba babu wata fitila da ta taɓa kamawa, don haka Malam ya ɗauka shi ne bai gwanance ba.

Ya kira Suhaibu a waya, yana ta kewaye-kewaye don kada maganar ta zama ƙorafi.

"Allah gafarta Malam, zafi ne. A ƙasar sanyi ta tashi, sai a hankali za ta saba da mu."

Ya turo ma'aikacinsa, ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya daddanna, motar ta ɗan farfaɗo. Bayan 'yan kwanaki ta koma gidan jiya.

A cikin wannan hali Audi ya same shi. Audi maƙwabcinsa ne kuma ɗalibinsa, manomi mai iyali da yawa, wanda ba ya fashin darasi. Bayan an tashi ya tsaya har kowa ya fita.

"Allah gafarta Malam, ina son in sayar da shanun huɗata da babur, in ɗauki irin motarka a wurin Alhaji Suhaibu, in riƙa jigilar Daura zuwa Zango. An ce riba tana wurin mai. Yaya ka gan ta?"

Malam ya dubi motar ta ƙofar zaure. Ya san kukan fankar, ya san gurnanin. Amma kushe kyauta butulci ne, kuma duk abin da ya faɗa a zauren nan kafin magariba ya isa Daura. Bayan wannan akwai wani dalili da ya fi ɓuya: idan ya ce motar ba ta da lafiya, ya ce ke nan abin da aka girmama shi da shi a gaban gari ba komai ba ne.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ba laifi."

Ya lallashi zuciyarsa da cewa bai ce tana da kyau ba. Audi kuwa abin da ya ji ke nan. Ya sayar da shanun da babur, ya ɗauko tasa motar.

Ta Malam ce ta fara mutuwa, a hanyar Zango, yana sauri zuwa wani suna. Ta yi shiru a tsakiyar titi ta ƙi motsi. Masu babura suka tsaya, wasu manoma suka fito daga gona, aka naɗe hannun riga.

"Malam, sa ta a giya, mu tura!"

Suka tura har suka jiƙe da gumi. Ko tari ba ta yi ba. Wani direban haya da ya tsaya kallo ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, irin wannan ba ta tashi da turi. Ko garin nan duka zai taru." Aka raɗa wa jariri suna babu Malam.

Ta Audi ba ta kai girbi ba. Ya zo zaure da safe, ya gaida Malam da ladabin da ya fi na kullum, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ce bakanike ya ce babban batirin ya ƙare, kuma sabo sai wanda ya isa. Sannan ya fito da wayarsa ya miƙa.

"Na ce ko ba ka gani ba."

Malam ya ga kansa, hannu sama, yana shaidar Suhaibu da amana. An yanke addu'ar, an bar wannan wurin kawai, an sa hoton filin motocin a ƙarshe, da muryar wani yana cewa a zo a sayi irin wadda Malam Nu'uman na Sandamu yake hawa.

"Har Mashi ya kai," in ji Audi. "Mu huɗu na sani da suka saya saboda shi. Ni dai ban dogara da waya ba. Ni zuwa na yi na tambaya."



Washegari ya sa aka kai motarsa Daura wurin wani bakanike mai suna Zakiyyu, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ba sa tsoron taɓa irin waɗannan motoci. Zakiyyu ya cire kujerar baya, ya nuna masa batirin, jere-jere kamar bulo.

"Baba Malam, wannan ba batir ɗaya ba ne. Gayya ce. An tsinto daga matattun motoci daban-daban an harhaɗa, wannan ya gaji, wancan ya fi shi gajiya. Motar kanta ba muguwa ba ce, in ka samu mai lafiya ka tsufa da ita. Amma ba ta nuna maka wata jar fitila ba?"

"Ko sau ɗaya."

Zakiyyu ya kwance allon gaban direba, ya juya shi. A bayan gilashin an liƙa ɗan baƙin salatif daidai kan fitilar gargaɗi. Da ya ɓamɓare ya kunna, sai ga ta ja wur.

"Tun ranar da aka ba ka take ihu, Baba. An dai toshe mata baki."

"Wa ya liƙa?"

"Ni bakanike ne, ba ɗan duba ba."

Malam ya daɗe yana kallon fitilar. Abin da ya fi ƙona masa rai ba lalacewar motar ba ce. Ya gane an zauna an yi tunani a kansa. An duba Sandamu duka an zaɓi mutumin da maganarsa ta fi tsada, wanda kuma kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba. Yaron da ya zauna a tabarmarsa shekaru ya karanci malaminsa fiye da yadda ya karanci littafi.

Bai koma gida ba. Ya nemi wani direban motar shanu da suka saba tun zamanin mahaifinsa, aka ja motar zuwa tudun da ake loda shanu a kara, kasuwar dabbobi, aka tura ta ciki a kan busasshen kashin shanu. Da azahar, lokacin da filin Suhaibu ke cike da masu taya motoci, babbar motar ta tsaya a ƙofa. Malam ya sauko daga gaba da makulli a hannu.

Suhaibu ya taso da sauri, ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, mu shiga ofis mana."

"A waje ka ba ni, a waje zan mayar."

"Subhanallahi! Ana mayar da kyauta? Ni me na karɓa a hannunka? Wa na cuta?"

"Audi ya sayar da shanunsa."

"Audi ya ga mota, ya taya, na sallama. Kasuwa ce." Suhaibu ya ɗan yi murmushi, ya ƙara matsowa yadda Malam kaɗai zai ji. "Kuma Allah gafarta, ni ba na nan ranar da ya tambaye ka. Kai kake tuƙa ta. Kai ka ji kukanta."

Maganar ta shige shi har ƙashi, don ba ƙarya a ciki. Ya juya ga mutanen da suka kewaye su, ya ɗaga murya irin ta mai darasi.

"Jama'a, wannan motar da aka ce ina hawa, ga ta nan. An rufe mata fitila aka ba ni. Shaidar da na yi na janye. Duk wanda zai saya ya zo da bakanikensa."

Ya ajiye makullin a ƙasa a gaban takalmin Suhaibu, ya koma ya hau motar shanu.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ya yi jarumta. Wasu suka ce malami bai kamata ya tozarta ɗalibinsa a kasuwa ba, kuma wanda ya ci moriyar ganga ba ya yar da kwaurenta. Wasu suka tambaya, a hankali, me ya hana shi magana tun da bazara. Filin Suhaibu ya yi sanyi na ɗan lokaci, daga baya Suhaibu ya koma kawo manyan motoci, masu saye daga wasu garuruwa suka ci gaba da zuwa. Kubura ba ta ce ta faɗa ba. Ta dai share zaure, ta fito da babur ta goge masa ƙura.

Da damina ta sake kusantowa, gonar Audi na nan ba huɗa. Malam ya kwance bijimansa biyu ya ja su da kansa har ƙofar gidan.

"Ka riƙe su, Audi. Naka ne. Ni 'yan ƙodago sun ishe ni."

Audi ya durƙusa ya yi godiya, ya yi addu'a yadda ya kamata. Sannan ya miƙe, bai karɓi igiyar ba tukuna. Ya kama hancin bijimi na farko ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Ya shafa doronsa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya yana leƙa kofato. Ya koma kan na biyu. Malam Nu'uman na tsaye a rana, igiya a hannu, yana jira ya gama.