Ƙamewar Baba a Coci

A cocinmu na Rikoto, da matan zumunta sun fara kaɗa tulu, sai Mama ta shiga rawa har ɗankwalinta ya zame. Baba kuwa, tsohon soja, ƙamewa yake yi, hannuwa a gefe.

Wata Lahadi na tambaye su wa yake sujada daidai a cikinsu.

Baba ya ce, "Ko gaban kwamanda ban taɓa motsi ba, balle gaban Allah."

Mama ta ce, "Ni gidan Ubana na zo, ba bariki ba."

Har suka rasu ba su daidaita ba. Yau in aka ɗauki waƙa, kafaɗuna sukan ƙame, ƙafafuna su ƙi tsayawa. Ban san wanne Allah yake karɓa ba.