Idon mai raguna

"Juya min shi ta baya," in ji Kawu Sale, yana riƙe da wayata nesa da fuska.

Hotunan ɗaliban jami'a ne masu buga ƙwallon Amurka, waɗanda manyan ƙungiyoyi za su zaɓa. Ni da Nura, ɗan yayar babata haifaffen London, muka yi yarjejeniya: kowa ya faɗi wanda ƙungiyar da Nura ke goyon baya za ta fara ɗauka, wanda ya kuskure ya aske gemu. Nasa shekara biyu yana tara shi, nawa gashi huɗu ne.

Nura wata uku yana nazarin bidiyo. Ni ko dokar wasan ban sani ba, sai na nufi flat ɗin Kawu a Tottenham, tunda can gida, kafin ya zo London, raguna yake sayarwa.

Na nuna masa zaɓin Nura.

"Wannan kanwa aka ba shi ya sha ruwa. Kana kai shi gida zai sace."

"Kawu, an ce ya fi kowa gudu."

"Gudu na tambaye ka? Ɗauki mai gajeren wuyan can, ƙafarsa ta zauna."

Shi ƙungiyar ta ɗauka. Jiya ni na yi wa Nura booking wurin mai aski.

Tun lokacin yake roƙona in koya masa. Jama'a, in gaya masa gaskiya, ko in fara ba shi darasi?