Lissafin Malam Umaru da Rabon Gado

Ina cikin aji da alli a hannu shugaban makaranta ya leƙo ya kira ni waje. Malam Umaru, malaminmu na fiziks, ya rasu a asibiti a Sakkwato bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Teburinsa na jikin nawa a ofishin malamai nan Tambuwal, kuma har yau nakan juya in yi masa magana.

Ban taɓa ganin mutum mai son tambaya kamarsa ba. Ya taɓa tsayar da ni ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki ya ce, "Malam Sani, taɓa ka ji. Mi as sa shika haske amma bai ƙuna?" Ni malamin Hausa ne, na ce ya ƙyale ni. Bai ƙyale ni ba. Ya ce iska ce a ciki da wuta ta ratsa, sunanta filasma mai sanyi, kuma ana gwada irinta wajen kashe fumfunar iri kafin shuka. Burinsa ya ga an gwada ta a kan geron Fakku, garinsu.

Ba mu da ɗakin gwaji, sai kwamfutarsa. Akwai wani rumbu a intanet da masana ke zuba alƙaluman yadda elektron, ɗan ƙwayar wutar lantarki, ke karo da ƙwayoyin iska, da inda yake fallatsawa, da saurin tafiyarsa, kowa ya ɗiba kyauta. Abin ya daɗe yana ba shi mamaki. "Waɗanga mutane ba su san ni ba," yakan ce, "amma sun bam min rumbu buɗe." Ya shekara yana gwama alƙaluman wannan da na wancan a kan iska mai laima, irin tamu ta damina. In biyu suka saɓa, murna yake yi kamar an yi masa haihuwa. Ya gaya mini da ya gama zai zuba nasa lissafin a rumbun. Ajali ya riga shi.

Bayan addu'ar bakwai na tafi Fakku neman izinin zuba lissafinsa a rumbun. Wansa, Alhaji Muhammadu, manomi ne mai shanu, shi ne riƙon marayu ya dawo hannunsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kwamfuta tana cikin gado. Abin da ac cikinta fa? Ba ni kyauta da haƙƙin maraya."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, don na san in aka raba kaya aka sayar da ita, goge komai za a yi. Amma gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ban san amsar ba. Muka zauna mu uku da liman muna juya maganar. Alhaji ya shiga tambaya, sai ka ce ƙanen nasa ne ya dawo.

"In an ɗiba shina raguwa?"

Na ce a'a, dubu za su ɗiba yana nan yadda yake.

"Ikon Allah! To in an aje ma yara har su girma?"

Na ce kafin nan wasu sun yi lissafin, nasa ya zama tsohon zance.

Liman ya ce a ji ta bakin mai takaba. Malama Hadiza, matar marigayin, ta amsa daga bayan labule: "Tun shina da rai yab bayas. Gaban ɗiyanai ya ce sadaka ce."

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Masu ɗiba sun san Umaru ya rasu?" Na ce ba su ma san shi ba. "To ka rubuta masu. Su yi mai addu'a, kowa da harshenai."

Wani tsohon ɗalibinsa da ke jami'a ya taimaka mini muka zuba aikin da sunansa, muka rubuta saƙon Alhaji a ƙasa. Ban fahimci ko layi ɗaya na alƙaluman ba, amma na yi kuka.

Allah Ya jiƙan Malam Umaru, Ya yafe kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ya sa wannan aiki ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ya ba Malama Hadiza da Alhaji Muhammadu haƙuri, Ya raya marayun da ya bari bisa ilimi da imani. Amin.