Igiyar korar jan-baki

Shekarar da na gama elementare, zamanin Turawa, En'e, hukumar gargajiya, ba ta ɗauke ni aiki ba. Kawuna ya kai ni fadamarsa ta wajen Auyo in yi masa tsaron shinkafa. Gado ne na itace aka kafa bisa ruwa, igiyoyi sun fita daga gare shi zuwa ko'ina cikin gonar, an ɗaura musu gwangwanaye. In tsuntsayen jan-baki suka sauka sai in ja igiya. Daga hudowar rana zuwa faɗuwarta ba mai yi mini magana.

A makaranta malaminmu ya zana mana yadda ruwa yake. Kogi ya zuba a tafki, rana ta ɗauke shi tururi, tururi ya zama hadari, hadari ya cika kogi. A kan gadon nan zanen ya dawo mini. Abin da yake zagayawa haka, ina farkonsa? In ba shi da farko, ina aikin Mahalicci? Da na ji tambayar a raina sai na ɗauka na fita daga Musulunci. Nakan yi kalmar shahada, in sake alwala, in sake sallar da na riga na yi, ina tsoron in mutu cikin ruwan nan ba imani.

Ranar da kawu ya kawo mini gari a kwale-kwale na yi ƙarfin hali.

"Kawu, mutum ya taɓa tunanin ta yaya aka san akwai Allah?"

"A'uzubillahi! Ɗan nan, rana ce ta buge ka ko boko? Ga tsuntsu can yana cin gumina, malam yana bincike. Ja igiya!"

Ya juya kwale-kwalensa ya tafi.

Na ja. Gwangwanin kusa ya girgiza na gaba, na gaba ya girgiza na gabansa, har can inda ba na iya gani. Tsuntsun da ke ƙarshen gona gwangwani kawai ya sani. Na saki igiyar, duka suka yi tsit. Ko da zan ƙulla ta ta zagaye gonar ta dawo, ba za ta kaɗa kanta ba. Haka ruwan zanen nan: ko yana zagayawa, sai da mai kaɗa shi.

Ban san ko malamai za su karɓi wannan hujja ba, kuma ba wanda zan tambaya. Alwalar la'asar dai sai da na maimaita ta. Amma sallar, sau ɗaya na yi, na sallame.