Malam Falalu da Ganyen Riɗi

Duk mai bin hanyar Limawa bayan sallar Asuba ya san shi: dattijo a kan tsohon babur, hula a karkace, jakar kwamfuta a kafaɗa. Malam Falalu Gaji ke nan, mai kula da ɗakin kwamfuta a wata babbar makaranta a nan Dutse. Kafin ɗalibai su iso ya share ɗakin, ya goge allunan sola, ya kunna na'urori. Maƙwabcina ne, na kuma sha tsokanarsa cewa kwamfutocin nan sun fi 'ya'yansa ganin fuskarsa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai su ba sa gardama."

Aikin da ya cinye shekarunsa na ƙarshe shi ne koya wa kwamfuta gane ciwon riɗi daga hoton ganye. Ana nuna mata dubban hotuna, a ce wannan lafiyayye ne, wannan mai ciwo. Tana dubawa hawa-hawa, daga launi da layi zuwa siffa, sannan ta yanke hukunci. In ta kuskure a gyara mata, a sake. Daga ƙarshe a yi mata jarrabawa da hotunan da ba ta taɓa gani ba. Manufar ita ce mai gona ta ɗauki hoto da waya, ta san ko za ta tuge shukar don kada ciwon ya yaɗu, ko ta ƙyale ta.

Na'ura ta ci jarrabawa. Aka sa ranar ƙaddamarwa gab da ritayar Malam, har aka ce za a kira shi gaban jama'a, abin da ba a taɓa yi masa ba.

Shamsiyya, ɗalibar da suka yi aikin tare, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Malam ya dage sai sun gwada a gona, suka je Garki wajen Inna Kellu, dattijuwar da ke riƙe gidanta da riɗi. Ta tsinko ganye kore shar, ta ɗora a tafin hannunta mai lalle ta miƙo. Waya ta ce ciwo. Ta tsinko wani, waya ta ce ciwo.

"Malam, to duka zan tuge ke nan?" in ji Inna Kellu.

"Inna, kar ki taɓa ko tushe ɗaya. Riɗinki lafiya lau yake. Na'urar ce ta yi shirme."

Da suka koma ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga inda gizo ke saƙa. Matan da suka turo hotunan ganye masu ciwo tsinkowa suke yi, su ɗora a tafi kamar mai miƙa goro, hannun kuma ja wur da lalle. Lafiyayyun ganye kuwa ɗalibai ne suka ɗauka a jikin shuka. Ashe na'ura ba ciwo ta koya ba, lalle ta haddace. Hotunan jarrabawar ma daga tarin nan aka ware su, shi ya sa ta ci.

Ya je ya gaya wa shugaban aikin.

"Haba Malam, a yi bikin mana, sai a gyara daga baya."

"Ranka ya daɗe, kafin mu gyara mata nawa za su tuge gonakinsu? Ni na haɗa hotunan nan, ni zan sake su."

Aka ɗage bikin. Malam ya ƙarar da wata daminar yana bin gonaki daga Kafin Hausa zuwa Garki, yana ɗaukar ganye a tafi da a jikin shuka, da lalle da babu lalle. Kafin aikin ya nuna, takardar ritayarsa ta fito. Ranar ƙaddamarwa a kujerar baya ya zauna, aka yi ta jawabi har aka tashi ba wanda ya ambaci sunansa. Wallahi raina ya ɓaci, na kuma faɗa masa. Ya ce, "Inna Kellu ta girbe riɗinta kuwa?" Na ce ta girbe. Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Malam Falalu, kai ne ka ƙi karɓar tafi a kan aikin da bai nuna ba. Kai ne ka tsaya wa matan da ba su san sunanka ba, ba kuma za su sani ba. Gwani mai tsoron Allah, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma samarinmu masu koya wa na'ura gani, ku yi koyi da shi. In ta ci jarrabawa a ofis kada ku yi saurin murna. Ku kai ta gona tukuna, don akwai wadda za ta gaskata ta, ta sa hannu ta tuge.