Yatsu Biyun da Haliru Ya Bari a Dajin Tsafe

Haliru mai gilashi ɗan Bungudu ne, amma a Gusau aka fi saninsa. Rumfarsa tana bakin hanyar Damba. Duk wanda ya tsaya wurinsa zai lura da hagu yake yankan gilashi, hannun damansa kuwa yatsu uku gare shi. Ba haka aka haife shi ba.

Ubansa kafinta ne mai yin tagogi, tun Haliru yana saurayi aka bar masa sa gilashin. Mutum ne marar hayaniya. In ya ja layi a kan gilashi sai ya yi bisimilla kafin ya ɓalle shi, ko sau ɗari ne a yini. Ya auri Hanatu, ɗiyar ƙanwar uwarsa, suka dawo Gusau, yana yi wa masu tsire da masu burodi akwatin nuna kaya.

A nan wani likita, Dakta Tajuddeen, ya same shi. Likitan ya yi karatu a wani gari na bakin teku, ya dawo da son abin da ya gani can. Ya sa Haliru ya haɗa masa akwatin gilashi mai tsawon gado, aka cika shi da ruwan da ake damawa da wani gishiri na musamman, aka zuba kifaye da murjani. Haliru ya san murjani a wuyan uwarsa, ja, a zare. Bai taɓa sanin abu ne mai rai ba, sai da ya ga wani dutse yana fitar da 'yan yatsu ƙanana yana kaɗa su cikin ruwa. Ya ce subhanallahi, ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar shi ke damun ruwan, shi ke goge gilashin.

Da fari farar fitila irin ta shago suka ɗora. Bayan wata guda murjanin ya fara koɗewa. Likitan ya ce masa, "Malam Haliru, da haske yake rayuwa, kamar dawa a gona. Amma can ƙarƙashin teku shuɗin haske ne ke isa gare shi. In ya yi yawa ya ƙone, in ya yi kaɗan yunwa ta kashe shi. Ka fi ni ido, je ka Kano ka zaɓo mana."

A shagon Kano Haliru bai yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba. Ya sa aka kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya a kan murjani mai rai, yana kallo. Ya bar mai tsananin fari, ya bar mai launi barkatai irin ta gidan biki. Ya ɗauki wata doguwa mai 'yar fanka a baya da makunni biyu, ɗaya na fari, ɗaya na shuɗi. Ya kuma karɓo wa likitan wani guntun murjani, bai fi goro ba, cikin kwalbar ruwan gishiri.

A hanyar dawowa, motarsu ta wuce Tsafe kaɗan, bayan azahar, sai 'yan bindiga suka fito kan titi. Harbin farko ya sami direba a wuya, jininsa ya fantsama har kan kwalin fitilar da Haliru ya rungume. Wani tsoho da ya kasa gudu suka sare shi da adda a bakin kwalta, suka bar shi nan. Sauran fasinja aka raba su kan babura, kowa da inda aka nufa da shi. Haliru bai sake ganin ko ɗayansu ba.

A sansanin aka buɗe kwalin gaban shugabansu, wani siririn mutum da suke kira Ɗanlami. Ya juya fitilar, ya ga waya, ya ga fanka.

"Kai, mi ne wanga?"

"Fitila ce, ranka ya daɗe."

"Hitila da hwanka? Zahi take ji?" Yaransa suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. "Wanga ne abin da kuke kiran jirgi da shi. Satin jiya jirgi ya kashe mani mutum huɗu. Wa ya aiko ka?"

Suka ɗaure shi a jikin itacen kirya. Suka yi ta dukansa da wayar birki har rigarsa ta manne da bayansa. Wani ya sa gindin bindiga ya cire masa haƙori biyu. Duk abin da Haliru ke faɗi ɗaya ne: fitila ce, ta dutse ce, dutsen yana cikin kwalba, a kunna a gani.

"Hitilar dutse," in ji Ɗanlami. "To, a kunna mashi. In ƙarya ce, nan za a yanka shi."

Suna da sola da suke cajin wayoyi. Aka ja Haliru cikin wata bukka mai duhu tare da fitilar da kwalbar, aka jona. Ya taɓa makunnin da ya fara samu. Bukkar ta cika da shuɗin haske.

"Wutar jami'ai!" wani ya yi ihu. "Irin ta kan motarsu ce! Infoma ne!"

Aka kayar da shi, gwiwar wani a ƙirjinsa, wuƙa a maƙogwaronsa. Ya fara kalmar shahada. Cikin kokawar nan ƙafarsa ta ture kwalbar, ta gangara ƙarƙashin fitilar. Guntun nan da a rana yake kamar busasshen kashin awaki sai ya kama da haske, kore shar, bakinsa ruwan lemo, kamar an hura garwashi cikin ruwa.

"Dakata," in ji Ɗanlami.

Ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo. Da ruwan ya natsu, abin ya fitar da 'yan yatsunsa. Ɗanlami ya tsoma yatsa ya lasa, ya tofar.

"Shina da rai?"

"Yana da rai."

"To, ka ji. Ka rayar da shi, ka rayu. Ran da ya mutu, kai ma ka mutu."

Haliru ya san abin ba zai yi rai a daji ba. Ruwan kwalba ɗaya ne, ga zafin bazara. Duk da haka ya yi abin da ya iya. Ya tuna yadda Hanatu ke girka randa kan jiƙaƙƙen yashi, ya binne kwalbar zuwa wuya cikin yashi, yana yayyafa masa ruwan shansa. Rana ta biyu wani daga cikinsu ya fitar da kwalbar tsakar rana, wai ta sha haske. Haliru ya rarrafa ya rufe ta da jikinsa, mutumin ya yi ta taka shi da takalmi har haƙarƙarinsa ya tsage. Da Ɗanlami ya ji, ya harbi mutumin a cinya, ya koma cin abincinsa.

Rana ta huɗu da hantsi, Haliru ya ɗaga kwalbar wajen wata 'yar ɓula a jinka. Murjanin ya yi fari daga gindi, 'yan yatsun sun daina fitowa. Ya gane mutuwa ce. Amma ya san wani abu da ya gani a gidan likita: murjani mai koɗewa, in aka sa masa shuɗi, sai ya fi da haske. Farin haske ne kaɗai ke tona shi. Ya sa sauran haƙoransa ya ciji wayar makunnin fari har ta tsinke, ya toshe ɓular da tsumma, ya ce hasken waje na cutar da abin, a riƙa rufe ƙofa.

Da la'asar Ɗanlami ya shigo kamar kullum, ya jingine bindiga, ya zauna.

"Yau ya hi kyau. Amma don mi ba ya motsi?"

"Ruwansa ya gaji, ranka ya daɗe. In ba a canza ba, ba zai kwana uku ba."

"Ga gishirin shanu nan."

"Zai kashe shi nan take. Nasa gishirin yana Gusau, kuma ni kaɗai na san awonsa."

Babu ƙarya ko ɗaya cikin abin da ya faɗa, abin da yake gode wa Allah a kai ke nan har yau. Ɗanlami ya dube shi, ya dubi kwalbar.

"Rantse za ka dawo."

Haliru ya sunkuyar da kai, ya ƙi rantsewa.

"Ba ka rantsuwa? Malami ne kai ashe. To, bar mani abin da za ka dawo ɗauka."

Mutum biyu suka danne hannunsa kan turmi. Sara ɗaya Ɗanlami ya yi, manuniya da ɗan tsakiya suka faɗi ƙasa. Aka tsoma hannun cikin tafasasshen man gyaɗa don jinin ya tsaya. Da ya farfaɗo, yana kan babur, an ɗaure shi a bayan wani. Suka yar da shi kusa da kwalta, masu kai hatsi Mada suka tsince shi.

Dakta Tajuddeen ne ya ɗinke hannun, yana ɗinki yana hawaye, yana cewa a fasa akwatin nan a huta. Haliru ya ce a'a, murjanin bai yi wa kowa laifi ba. Hanatu ta yi wata uku tana ba shi tuwo a baki. Ya yi shekara yana fasa gilashi kafin hagunsa ta iya jan layi miƙaƙƙe. Hanyar Tsafe kuwa bai sake binta ba.

An aiko da wata fitilar daga Kano a motar kaya. Shi ya ɗora ta da kansa, ya ɗaga ta taƙi guda sama da ruwa, ya ba ta shuɗi da yawa, fari kaɗan. Murjanin likita ya dawo da launinsa. Amma duk safiya in Haliru ya je damun ruwa, makunnin fari yake fara taɓawa, ya duba kowane dutse sosai, sa'an nan ya kunna shuɗin.